SHARHI: Shagon haya a intanet: abin lura kafin sabon kamfani ya zaɓi dandalin talla

A watan Mayun 2025 labari ya bazu cewa kamfanin Meta ya shaida wa kotu a Abuja yana iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya, saboda tarar kusan dala miliyan 290 da hukumomin tarayya uku suka ɗora masa. Kaso mafi tsoka, dala miliyan 220, na Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ne, wato FCCPC, wadda ta yanke hukuncinta a Yulin 2024. Meta bai fice ba. Amma a 'yan makonnin nan masu ƙananan kamfanoni da dama, waɗanda duk cinikinsu ya rataya a shafi guda, sun gane cewa mabuɗin shagonsu yana aljihun wani.

Ba a ranar aka fara ba. Gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 har zuwa 13 ga Janairun 2022, wata bakwai cur. A 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya a duniya na kusan awa shida. Darasin wannan rana ya fi na Twitter nauyi: ɗan kasuwar da ke ganin ya raba ƙafa saboda yana dandali uku, ashe gida ɗaya yake haya, mai gidan kuma ɗaya ne.

Saboda haka tambayar da matasa masu kafa kamfani suka fi yi, wato wane dandali ne ya fi jama'a, ta zo a gurguje. Abin da ya kamata a fara sani shi ne wa zai biya kuɗi, kuma a ina yake yanke shawarar biya.

Kamfanin da ke sayar da manhaja ko hidima ga ma'aikatu, bankuna da ƙungiyoyin agaji da suka cika Abuja, masu sayensa ba su da yawa, kuma sanannu ne da sunayensu. LinkedIn da X sun fi masa amfani, ko da mabiyansa ba su wuce ɗaruruwa ba. Sai dai X dandalin ƙorafi ne: kamfanin hada-hadar kuɗi da ya buɗe shafi a can ba tare da ma'aikacin da zai riƙa amsa koke ba, ya kira wa kansa ruwa. Mai sayar da abin da ido ke so, tufafi ko kayan ɗaki ko abinci, Instagram ne kasuwarsa. Facebook kuwa har yanzu shi ne zauren masu karatu da Hausa da magidanta, waɗanda galibi su ne masu abin kashewa.

TikTok ya fi kowane ruɗi. Tsarinsa yana kai bidiyo gaban mutanen da ba su taɓa bin shafin ba, don haka sabon kamfani na iya wayar gari da dubban masu kallo ba tare da ya biya sisi ba. Amma kallo ba ciniki ba ne, kuma da yawa daga masu kallon ba su da kuɗin saye. Ga tsadar data: tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin farashin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, bidiyo ya zama abin da mai waya ke lissafi kafin ya buɗe.

A aikace, ko daga ina mai saye ya fito, a WhatsApp ake ƙulla cinikin: a can ake taya farashi, a turo shaidar biyan kuɗi, a yi maganar kai kaya. Nan ma akwai iyaka. Jerin aika saƙo ga jama'a ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambar mai aikawa. Wannan ƙa'ida ta nuna inda ainihin jarin yake. Mabiya dubu hamsin na dandali ne. Lambobin mutum ɗari biyar da suka taɓa saye kuma suka yarda a tuntuɓe su, na kamfani ne, ko an rufe shafi gobe.

Kalmar “yarda” tana da nauyi a doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta samun amincewar mutum kafin a riƙa tura masa talla kai tsaye, don haka kwasar lambobi daga zauren unguwa ko na ofis ana watsa musu saƙo ba dabara ba ce. Hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ta dage cewa tallan da ake sakawa a intanet, har da wanda fitattun masu shafuka ke yi, sai an tantance shi kafin ya fita. Tallan da ake biya wa Meta kuma yana ɗauke da harajin VAT na kashi 7.5 tun Janairun 2022. Dokar Sabbin Kamfanonin Fasaha ta 2022 ta tanadi rangwamen haraji ga waɗanda suka samu shaidar NITDA, amma ba ta ɗauke wa kowa waɗannan sharuɗɗa ba.

Akwai kuma batun da ya shafi ma'aikatan tarayya kai tsaye. Tsadar rayuwa ta sa da wuya a shiga ofis a Sakatariyar Tarayya ba a samu mai wata 'yar sana'a a gefe ba. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Mallakar hannun jari daban, gudanarwa daban. Daraktan da ya sa fuskarsa a bidiyo yana tallan kamfaninsa, ko hadimin minista da ke karɓar odar kaya da lambar da yake aikin ofis da ita, ya ajiye shaida mai ɗauke da rana da lokaci, wadda duk mai son kai ƙara Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata zai iya ɗauka da hoton allo guda.