Shokazobar da Ba Ta Lotsawa: Keken da Muke Saya wa Yaran Ƙauye

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da martabarsa a ƙauyukan arewacin Kano. Kuɗin babur daga ƙauye zuwa makarantar sakandare ya fi ƙarfin gidaje da yawa, iyaye suka yi lissafi suka ga gara a daure sau ɗaya a sayi keke. Wanda ake waiwaya ya saya ɗin kuwa sau da yawa shi ne ɗan gidan da ke aiki a birni: malamin jami'a, ma'aikaciyar banki, likita, ɗan jarida. Wato mu. Mu ne kuma muke shiga kasuwa, mu wuce keken da zai yi wa yaron aiki, mu ɗauko wanda ya fi kama da na talabijin, mai fenti mai ƙyalli da giya 21 da shokazoba a gaba, wani lokaci har da wata a ƙarƙashin sirdi.

Ga yaron da nauyinsa bai wuce kilo 30 zuwa 45 ba, a kan hanyoyin Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir, wannan shokazoba mai arha asarar kuɗi ce, kaya ce da aka ɗora masa, idan ta tsufa kuma ta zama haɗari. Ba maganar ra'ayi ba ce. Lissafi ne da duk wanda ya yi kimiyya a sakandare zai iya bi.

Abin da bakanike ke kira fok shi ne ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. A keken gargajiya sandararre ne. A keken hawan dutse kowace ƙafa bututu biyu ce, ɗaya na shiga cikin ɗaya, a ciki kuma akwai abin da ke lotsawa: ko sifirin na ƙarfe, ko iska da aka matse. Kusan duk masu arhar da ke kasuwanninmu sifirin ne a cikinsu. Sifirin kuwa yana bin dokar da Robert Hooke ya bayyana tun 1678, cewa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa gwargwadon lotsawarsa. Masana'anta ba ta san wa zai hau ba, don haka takan sa sifirin da ya dace da baligi matsakaici, mai kilo 70 zuwa 80. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce idan mahayi ya zauna kawai, kafin ya taka feda, fok ya lotsa kamar kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na iyakar tafiyarsa. Wannan 'yar lotsawar farko ita ce ke ba taya damar bin ƙasa, ta sauka cikin rami ta hau kan tudu ba tare da ta rabu da hanya ba.

To ɗauki fok mai tafiyar milimita 100 wanda ke lotsawa milimita 20 a ƙarƙashin mutum mai kilo 75. Ɗora yaro mai kilo 35. A takarda zai lotsa milimita 9. A zahiri ko wannan ba zai samu ba, domin tun a masana'anta an riga an ɗan danne sifirin kafin a rufe bututun, sannan akwai gogayyar bututu da bututu, wadda a fok mai arha babba ce. Sai nauyi ya fi ƙarfin waɗannan biyun kafin komai ya motsa, nauyin yaron kuwa bai kai ba. Yana tuƙa sandararren fok ke nan, illa dai an biya masa kuɗin mai lotsawa.

Mai shago ya san yadda ake rufe wannan. Zai kama birkin gaba, ya danna kan keken da dukan ƙarfinsa, fok ya yi ƙasa ya dawo, ya dube ka ya ce, “Alhaji, ka gani? Kamar mota.” Ƙato ne ya danna, yaro ne zai hau. Idan ka yi ƙorafin tauri ya nuna maka wani ɗan murfi a saman fok ya ce da shi ake sassautawa. Murfin nan, inda ma yake aiki, ƙara danne sifirin yake yi ko rage dannewar. Ba ya mayar da sifirin mai tauri ya zama mai laushi. Wannan sai an canza sifirin ɗin kansa. Kamfanoni irin su SR Suntour suna sayar da sifirin mai laushi daban don marasa nauyi, amma a gwada tambayarsa a wurin mai gyaran keke ranar kasuwar Ɗambatta a ji amsar da za a samu.

Ranar da fok ɗin zai motsa kuwa, wato ranar da yaron ya faɗa babban rami da gudu, a nan ne aibinsa na biyu ke fitowa. Shokazoba ta gaskiya tana da mai a ciki wanda ke bi ta ƙananan kafofi yana rage saurin dawowar sifirin. Mai arhar ba ta da wannan. Ta lotsa, ta harbo da ƙarfinta duka, ka ji ƙwas! Baligi yana da nauyin da zai danne harbin. Yaro mai kilo 35 sai dai kan keken ya ƙwace daga hannunsa.

Sai maganar nauyi, wadda ita ta fi ba ni haushi domin ita ce yaron ke biya kowace safiya. Fok mai sifirin irin wannan yakan kai kilo 2.5 ko fiye, alhali sandararren fok na ƙarfe bai cika wuce kilo 1 da ɗan wani abu ba. Keken da ke da shokazoba gaba da baya, na ƙarfe mai arha, yakan kai kilo 17 ko 18. Wannan rabin nauyin yaron ne. Kai mai kilo 75, kwatanta a ba ka keke mai kilo 37 a ce ka tura shi cikin rairayi ka isa aji kafin a buga ƙararrawa. Ga shi kuma duk takun da ya yi, shokazobar baya, idan ta saki, tana shanye wani abu daga ƙarfinsa tana lilo da shi. Ba ta kuma barin wurin ɗaura kariya mai ƙarfi. Keke a ƙauye kuwa ba makaranta kaɗai yake zuwa ba: da yamma zai kai niƙa, zai ɗauko jarkar ruwa mai lita 25, zai kai abinci gona. Keken da ba ya ɗaukar kaya, a gidan manomi, baƙo ne da ake ciyarwa.

Wannan na'ura ba don ƙasarmu aka ƙirƙiro ta ba. Wasan keken dutse ya faro ne a shekarun 1970 a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda matasa ke gangarowa daga duwatsu da tsofaffin kekuna. Har farkon shekarun 1980, lokacin da kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, sandararren fok ake amfani da shi. Sai a 1989 Paul Turner ya kafa RockShox, a 1990 kuma aka ci gasar duniya ta farko a Durango da fok ɗinsa. Matsalar da ya warware ita ce ta mutumin da ke gangarowa da gudu a kan duwatsu da saiwoyin itace. Ina duwatsun a Makoɗa? Ƙasar da Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru yana nazari tun shekarun 1960, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gona na manne da gona, ana noma ta kowace shekara da takin da jakuna ke kawowa. Hanyoyinta burtali ne da 'yan turbobi tsakanin gonaki, jigawa ce mai rairayi. Abokan gaban mai keke a nan su ne yashin da ke cinye taya, ƙayar da ke huda ta, taɓon damina, da gargadar hanyar burji. Shokazoba ba ta da maganin uku na farko ko kaɗan. Na huɗun kuwa, wato ƙananan jijjiga masu yawa, shi ne daidai abin da fok mai tauri da gogayya ba ya ji.

Sannan ga ƙura. RockShox da kansu suna cewa a buɗe ƙafafun fok ɗinsu a wanke a sa sabon mai duk bayan awa 50 na tuƙi. Ɗalibin da ke tuƙa awa ɗaya a rana zai cinye awa 50 kafin zangon karatu ɗaya ya ƙare. Wannan fa fok ne mai tsada, mai robar hana ƙura ta ƙwarai. Mai arhar, hunturu ɗaya ya ishe shi: ƙura ta shiga ta haɗu da giris ta zama kamar sanfefa, damina ta zo da tsatsa. Daga nan ko dai ya ƙame gaba ɗaya, wanda shi ne alheri, ko kuma ya saki ya fara kaɗawa gaba da baya, a kama birki keken ya yi ta karkarwa. Sandararren fok idan ya lanƙwashe, mai gyara zai miƙe shi ko ya sauya shi da kuɗi kaɗan. Wannan kuwa sai a jingine keken a zaure.

Akwai wani abu da ya kamata ya sa mu kunya. Kamfanin SRAM ya sayi RockShox a 2002. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa SRAM, F.K. Day, shi ne ya kafa ƙungiyar World Bicycle Relief a 2005, wadda ke raba kekuna ga ɗalibai da ma'aikatan lafiya a karkarar ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi. Mutumin da ke da hannu a kamfanin da ya mallaki shahararriyar shokazoba ta duniya, da ya tashi ƙera wa karkarar Afirka keke, wato Buffalo, bai sa masa shokazoba ba. Ƙarfe ne mai kauri, sandararren fok, da kariyar da ke ɗaukar kilo 100. Iyayenmu ma da suka yi zamani da Raleigh, wanda har masana'anta ya taɓa yi a Bompai, da Phoenix na Sin da Hero na Indiya, sun kai buhun gero kasuwa shekara da shekaru ba tare da sifirin ko ɗaya a gaba ba.

Ba cewa nake a koma saya wa yaro irin waɗancan ba. Tayarsu inci 28 ce, an yi su don manya, shi ya sa muka tashi muna ganin yara suna zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya suna tuƙi a karkace. Abin da ɗan shekara 12 zuwa 15 ke bukata shi ne keken da ya yi daidai da tsayinsa, mai taya inci 24 ko 26, sandararren fok, birki mai kamawa, kariya, da taya mai faɗi, inci 2 ko fiye. Tayar nan ita ce shokazobarsa. Iska ce a cikinta, kuma ba kamar sifirin ba, ana iya daidaita ta da nauyin mahayi a kyauta. Sai dai a nan ma muna da wata al'ada da za a yaƙa: mai faci yakan yi ta bugawa har sai taya ta yi tauri kamar dutse, shi da mai keken duka suna ganin haka ne aiki ya yi kyau. Ga yaro marar nauyi, taya mai faɗi da aka bari da ɗan laushi, yadda babban yatsa zai iya ɗan lotsa ta, ita ce ke shanye gargada, ita ce kuma ke shimfiɗuwa a kan rairayi maimakon ta nutse. A dai kula kada ta yi laushin da ƙarfen wili zai riƙa dukan ƙasa ya tsinke tif.

Na san abin da za a ce: yaron ne ke so, abokansa duka irinsa suke hawa, wa zai kai wa ɗansa keken tsofaffi? Wannan hujja ce ta gaske, ban raina ta ba, domin keken da yaro ke jin kunyar hawa shi ma jingine shi za a yi. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, sha'awar wa ake biya? Sau da yawa tamu ce. Muna so idan an sauke keken daga bayan mota a ƙofar gida, maƙwabta su ga cewa na birni ya kawo abin birni. Yaro kuwa abin da yake so shi ne launi mai kyau da gudu, kuma keke marar nauyi ya fi gudu. A bar shi ya gwada biyun a kan yashi, a ga wanda zai zaɓa.

Wanda kuma yake da hali, yake da ɗa ko mata ko shi kansa marar jiki, yana son hawan duwatsu na gaskiya irin na Jos ko na Riruwai a kudancin Kano, to shi fok mai iska ya kamace shi. Ana sa masa iska da wani ƙaramin famfo na musamman, ba famfon taya ba, kuma idan ba a sayo famfon tare da shi ba an yi aikin banza. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗaura zare a jikin bututun sama, a tura shi ƙasa, mahayin da kansa ya hau a hankali ya sauka, a auna inda zaren ya tsaya. Idan bai kai kashi 15 cikin 100 na tafiyar fok ɗin ba, a rage iska. A tabbatar akwai maɓallin daidaita saurin dawowa, domin marar nauyi yana amfani da iska kaɗan, idan mai ya riƙe fok ɗin da yawa ba zai gama miƙewa ba kafin rami na gaba. Fok irin wannan shi kaɗai yakan fi kuɗin keken kasuwa sukutum.

Gwajin zaren nan yana aiki a kan fok mai sifirin ma, kuma ba ya cin minti biyu. Abin da yake bukata kawai shi ne a je kasuwa da wanda zai hau, a hana mai shago danna kan keken, a ce yaron ya zauna.