Yankin Suna a Harshen Klingon: Tsarin da Ya Yi Tsafta da Yawa

An ɗora wa masanin harshe Marc Okrand aikin ƙera harshe ga mayaƙan Klingon na fim ɗin Star Trek na uku, wanda ya fito a shekarar 1984, a 1985 kuma ya fitar da ƙamusinsa. An so harshen ya zama baƙo ga kunnen ɗan Adam. Ta fuskar furuci da jerin jimla, inda karɓau ke zuwa farko, aikau kuma a ƙarshe, an dace. A yankin suna kuwa, baƙuntar ba ta kai yadda masoyansa ke zuzutawa ba.

Suna a Klingon yana ɗaukar ɗafa-ƙeya iri biyar, kowanne da gurbinsa: girma ko ƙanƙanta, jam'i, matsayin mai magana kan gaskiyar abin, mallaka, sai alamar wuri ko dalili. Duj jirgi ne. DujmeyqoqlIjDaq na nufin "a cikin waɗannan da kake kira wai jiragenka". Kalma guda, har da gatse a ciki, domin -qoq aikin "wai" yake yi. Baturke ba zai ga abin mamaki ba a nan, haka harshensa ke jera ɗafa-ƙeya. A mallaka, mai abu ne ke gaba, kamar tlhIngan Hol, wato harshen Klingon, akasin Hausa.

Inda tsarin ya fi armashi shi ne rabon halittu. Jam'in masu iya magana -pu' ne, na gaɓoɓin jiki -Du', na sauran abubuwa -mey. Mallaka ma ta bi wannan layi: vavwI' shi ne "mahaifina", amma wanda ya ce vavwIj ya mayar da uban nasa kaya, kuma zagi ne. Dabara ce mai kyau, ta sa ladabi ya shiga cikin nahawu. Sai dai harsunan mutane da dama sun daɗe suna raba mai rai da marar rai, kuma Okrand, wanda ya yi digirinsa na uku kan Mutsun, wani harshen 'yan asalin Kalifoniya, ya fi kowa sanin haka.

Abin da ke tona asirin Klingon shi ne tsaftarsa. Ban da 'yan sunaye kaɗan masu jam'i na daban, ƙa'ida ba ta karyewa. Bahaushe kuwa yana cewa gida, gidaje, jirgi, jirage, mace, mata, akuya, awaki, kuma mai koyo dole ya haddace kusan kowanne. Masu ganin wannan a matsayin rauni sun yi kuskure: sawun bakunan da suka yi ƙarnuka suna tauna harshen ne. Klingon ba shi da al'ummar da ke shayar da shi ga 'ya'yanta, kuma har yau idan masu koyonsa suka rasa kalma, Okrand suke jira ya faɗa.