Fita da Hantsi, Dawowa Kafin Magariba

Kwanakin baya ɗan ƙanena da ke karatu a arewacin tsibirin Ƙubrus ya turo hotuna a zauren WhatsApp na danginmu. Ranar hutu ce, shi da abokan karatunsa suka yi karo-karo suka ɗauki hayar mota, suka nufi zirin Karfas, can ƙuryar gabashin tsibirin. Sun yada zango a wani ƙauyen masunta sun ci gasasshen kifi, sun ga jakunan nan da ke yawo a daji babu mai su, sannan suka gangara wani lungu tsakanin duwatsu inda ruwan Bahar Rum ya kwanta luf, shuɗi kamar an jiƙa baba. A nan suka yi Azahar a kan yashi. Kafin Isha'i kowa yana ɗakinsa.

Martani biyu suka tsaya mini a rai. Yayanmu ya rubuta cewa karatu aka tura yaro, ba yawon shashanci ba. Ita kuwa Inna, kakar yaron, da aka nuna mata hotunan a Ƙaura Namoda, ko kallon tekun ba ta yi ba. Cewa ta yi: "Wai duk wannan dajin suka ratsa, ba wanda ya tare su?" Aka ce mata babu. Ta yi shiru, can ta ce: "Su jakunan fa, ba a kore su ba?"

A ganina Inna ta fi mu duka gane abin da ke cikin hotunan. Mutum ya fita da hantsi shi da iyalinsa zuwa inda babu kowa, don kawai ya huta ya ga ikon Allah, ya dawo kafin Magariba ba wanda ya sa masa ido a hanya, wannan shi ne ma'aunin zaman lafiya mafi gaskiya da na sani. Ya fi jawabin kowane gwamna, ya fi adadin motocin sintiri da ake jerawa a gaban 'yan jarida.

Bari in fara da amsa wa Yaya, domin fahimtarsa ta yaɗu a cikinmu. Asalin tafiya halal ne, kuma malaman fiƙihu sun sanya hukuncinta yana bin manufarta: akwai ta wajibi, akwai mustahabba, akwai wadda aka bar wa mutum zaɓi, akwai haramtacciya. Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda aka fari halitta, a dubi kuma ƙarshen al'ummomin da suka gabata. Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan je Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa. Yakan shiga lambun Abu Ɗalha da ake kira Bairuha ya sha ruwansa mai daɗi. Abu Musa al-Ash'ari, Allah Ya yarda da shi, ya same shi zaune a bakin rijiyar Aris ya zura ƙafafunsa masu albarka a ciki. Shi kansa tsibirin da yaron yake, a can ne Sahabiya Ummu Haram 'yar Milhan ta rasu a yaƙin teku na farko da Musulmi suka yi, zamanin Sayyidina Usmanu, kuma har yau ana ziyartar inda ake danganta kabarinta kusa da Larnaka.

Na san abin da Yaya yake tsoro, kuma yana da hujja. Bakin teku a waɗancan ƙasashe wuri ne na tsiraici da giya da cakuɗar maza da mata, kuma babu Musulmin da zai ce wannan daidai ne. Amma dalilin ke nan da iyalan Musulmi a Turkiyya da Tunisiya da Maroko suke neman lungun da ba jama'a, su shimfiɗa tabarma, yara su yi wasa da ruwa, a yi salla a kan lokaci. Gyaran abin yana cikin zaɓen wuri da abokan tafiya.

To mu fa? Ba mu da teku, amma mu da muka yi ƙuruciya a shekarun 1980 mun san wannan ni'ima ko da ba mu sa mata suna ba. Kashegarin Salla mukan ɗauki hayar kekuna mu gangara Gulbin Gagare, mu yini a kan rairayi, mu sayi rake a wurin masu lambu, mu dawo fututu da ƙura a yi mana faɗa. Ranar Alhamis mutum yakan bi motar kasuwa zuwa Shinkafi, ya ga raƙuman Buzaye da fatake daga Nijar, ya dawo ya yi La'asar a Ƙaura. Mata sukan je biki ko barka ƙauyukan Zurmi da ke bakin Gulbin Bunsuru da goyo a baya, babu ɗan rakiya sai wani ɗan yaro mai riƙe ƙwarya. Ga kuma wuraren ɗaukar izina birjik: kufan Dutsi a ƙasar Zurmi, inda tarihi ya ce nan sarakunan Zamfara suka fara zama, ragowar ganuwar Kiyawa, kabarin Namoda, jarumin da aka yi yaƙin Alƙalawa da shi a 1808, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da dogo ya iso a 1929, ya tsaya nan bai wuce ba.

Yau mai karatu ya san halin da ake ciki, ba sai na tsawaita ba. Direbobi kan jira juna su tafi a ayari, ko su jira rakiyar jami'an tsaro. Manomi a ƙauyuka da yawa sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a jihar, aka rufe kasuwannin mako. Yaron da aka haifa lokacin da fitinar nan ta fara ƙamari, wajen 2011, yau ya zama saurayi, kuma a wurinsa kalmar "daji" ma'ana ɗaya gare ta: inda ake kai wanda aka sace. Wannan hasara ba ta shiga lissafin kowa. Ana ƙirga rayuka da shanu da kuɗin fansa, daidai ne a ƙirga su, amma babu mai ƙirga zumuncin da ya yanke da yaran da suka tashi ba su san ƙasar iyayensu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da masu sha'awar hotunan Bahar Rum ba su cika sani ba. Waɗannan lunguna na bakin teku da Turawa suke biyan kuɗi su je don babu kowa a cikinsu, rashin kowan nan ne ya sa ƙarnuka da dama suka kasance maɓoyar mahara. Duk wanda ya dubi hotunan gaɓar Amalfi a Italiya ko tsibirin Kosika zai ga tsofaffin hasumiyoyi jere a kan duwatsu. An gina su ne don gadi: wanda ya hango jirgin mahara ya kunna wuta ko ya tayar da hayaƙi, na gaba ya gani ya kunna tasa, mutanen ƙauye su gudu tudu. Ƙauyukan da suke maƙale a saman tsaunuka suna ba masu ɗaukar hoto sha'awa, da yawansu tsoro ne ya hau da su can. A 1551 mayaƙan Usmaniyya suka kwashe kusan dukkan mutanen tsibirin Gozo da ke kusa da Malta, dubban rayuka, aka kai su Tarabulus. Bayan haka, har zuwa 1637, doka ce ta tilasta wa mutanen tsibirin su kwana a cikin ganuwa. Da rana a je gona, da dare a shige birni. Mutumin ƙauyukan Shinkafi da ke kwana a gari yana saɗaɗawa gona da safe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan doka.

Kada wani ya ɗauka gefe ɗaya ne yake kamawa. Mayaƙan Kirista na Malta da wasunsu haka suka riƙa kai hari gaɓar Afirka ta Arewa, suna tare jiragen alhazai da 'yan kasuwa. A 1518 wasu maharan Kirista suka kama wani malami matafiyi mutumin Fas, Alhasan ɗan Muhammadu al-Wazzan, aka miƙa shi kyauta ga Fafaroma Liyo na 10. A zaman da ya yi a Rum ne ya rubuta littafinsa na bayanin Afirka, wanda aka buga a Benis a 1550, kuma a cikinsa ya ambaci Gobir da Katsina da Kano da Zazzau da Zamfara. Masana sun yi saɓani kan ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ko labari ya ji. Ko ma dai yaya ne, ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka kai sunan Zamfara ƙetaren teku, hannun wanda aka yi garkuwa da shi ne ya rubuta shi.

Ba ina daidaita yaƙin dauloli da ta'asar ɓarayin daji ba ne; kowane da hukuncinsa a shari'a. Amma ga masuncin da aka ɗauke wa 'ya, bambancin tuta ba ya rage masa komai. Kuma akwai darasi mai ɗaci a yadda abin ya daɗe. Fansa ta zama sana'a. A ɓangaren Kirista an kafa ƙungiyoyin limamai da aikinsu shi ne tara kuɗin karɓo kamammu. A Andalus akwai dillalin fansa da ake kira alfakkak, mai kai-komo tsakanin ɓangarorin biyu. Niyyarsu jinƙai ce, amma muddin kuɗi yana shiga, jirage ba su daina fita ba. Ƙarshen abin ma bai zo wa Musulmi da daɗi ba: Ingila da Holan sun yi wa birnin Aljas ruwan igwa a 1816, Faransa ta mamaye Aljeriya a 1830, ba ta fita ba sai 1962. Wanda ya kasa kashe wutar gidansa, baƙon da zai zo kashe ta yakan zauna a ɗakin.

A nan sai mu yi hattara da harshenmu. Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan cewa fansar Musulmin da aka kama wajibi ce, kuma baitulmali ne farkon wanda nauyin yake kansa. Saboda haka uban da ya sayar da gonarsa ya karɓo ɗansa ba abin zargi ba ne, kuma bai kamata a hau mumbari a ƙara masa ciwo ba. Tare hanya kuwa, wato hiraba, tana cikin laifukan da Suratul Ma'ida ta tsananta wa hukunci fiye da kusan kowane laifi, kuma zartar da shi aikin mai mulki ne. Jihar da ta riga kowace jiha fara aiki da shari'a a farkon shekarar 2000 ta fi kowa cancantar a tambaye ta ina wannan babin ya kwana.

Ƙasar nan tamu ta taɓa ganin irin wannan, ta kuma fita. Dajin Gundumi, tsakanin ƙasar Zamfara da Wurno, ya yi suna wajen mahara a ƙarni na 19. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya bi ta Zurmi a 1853, ya ratsa shi ne a cikin ayari, tafiyar da ta haura yini da kwana ba a sauke kaya ba don tsoro. Maganin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗauka shi ne ribaɗi: a kafa gari mai ganuwa a bakin haɗari, a zaunar da malamai da manoma da mayaƙa tare, shugaba kuma ya zauna a cikinsu. Shi da kansa a ribaɗin Wurno ya zauna har ya rasu a 1837. Tun kafinsa da fiye da shekara dubu Musulmi sun gina ribaɗin Munastir a gaɓar Tunisiya a 796, don gadin wannan teku da muke magana a kanta. Shugaban da yake kwana inda talakawansa suke jin tsoro, ba sai an kai masa rahoto ba.

Ina roƙon limamanmu na Juma'a a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Moriki, idan 'yan siyasa suka zo neman addu'a, a yi musu tambayar Inna: yaushe mace za ta je barka ƙauye ta dawo ba rakiya? Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya yi wa Makka addu'a, aminci ya fara roƙo kafin abinci. Buhun shinkafar kamfen bai isa ya rufe wannan tambaya ba. Malaman Islamiyya kuma, abin da bai samu duka ba ba a barinsa duka. Inda yake cikin gari kuma an tabbatar da lafiyarsa, kamar tsohuwar tasha ko gaɓar gulbin da ke jikin gari, a kai yara, a gaya musu tarihin wurin, a yi salla a can. A zaunar da dattawa su faɗi sunayen tafkuna da fadamu da duwatsun da yanzu ba a zuwa, a rubuta. Idan muka yi sake, samarinmu za su tashi da imanin cewa kyawun duniya duk a ƙetare yake, alhali tekun nan da suke gani a waya ita ce ta ci fiye da mutum 360 a rana ɗaya kusa da Lamfedusa a Oktoban 2013, kuma hanyar Agadas zuwa Libiya ba baƙuwa ba ce ga 'ya'yanmu.

Yaya bai janye maganarsa ba, sai dai ya ƙara da cewa yaron ya riƙa kula da lokacin salla, kuma na yarda da shi a kan wannan. Ita kuwa Inna tana da ƙanwa a wani ƙauye gabas da Zurmi, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota. Shekara shida ke nan rabon da su ga juna, sai dai gaisuwa ta waya idan an samu layi. Ta ce duk ranar da Allah Ya buɗe hanya, a can za a fara kai ta, kuma ba za ta dawo a ranar ba, kwana za ta yi.