Kafin a sayi na'urar esfireso, a fara da injin niƙa

Bidiyon haɗa gahawa ya cika TikTok da Instagram: na'ura mai ƙyalli, baƙin ruwa mai kauri na zuba a hankali, kumfa mai launin zuma a samansa. Matasan da suka gaji da Nescafé na teburin mai shayi sun fara duba farashin na'urar esfireso a Jumia da AliExpress. Da yawa kuma hanya ɗaya suke bi: su zuba duk kuɗinsu a na'urar, sannan su sayi garin gahawa na leda, ko su niƙa 'ya'yan a bilenda. Nan ake yin asara. Duk wanda kuɗinsa ba su da yawa, injin niƙa mai kyau ya kamata ya fara saya, na'urar ta biyo baya.

Masu amfani da wayoyi sun riga sun san dabarar 'yan talla. Waya mai kyamarar megafiksel 108 ba lallai ta fi mai 12 ɗaukar hoto ba. Haka abin yake a nan. Kwalin ƙananan na'urori na ɗauke da rubutun 15 bar ko 20 bar, alhali matsin kusan bar 9 ake haɗa esfireso da shi, ma'aunin da ya zauna tun bayan fitowar na'urar Faema E61 a Italiya a 1961. Lambar da ke kan kwali iyakar ƙarfin famfo ce kawai, ba ta faɗin komai game da ɗanɗano.

Abin da ke yanke hukunci shi ne laushin gari. Na'urar tana tura ruwan zafi ne ta cikin garin da aka danne, garin kuma shi ne birkin ruwan. Ma'aunin da aka fi farawa da shi shi ne giram 18 na gari ya ba da giram 36 na gahawa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Idan garin ya yi tsaki-tsaki, ruwa zai wuce da gudu, gahawar ta fito salam da tsami. Idan ya yi laushi fiye da kima, sai ta riƙa ɗiga da ƙyar, ta yi ɗaci. Tazarar da ke tsakanin biyun kaɗan ce ƙwarai.

Shi ya sa bilenda da ƙaramin inji mai wuƙa ba sa wannan aiki. Sara suke yi, ba niƙa ba, sai a samu tsaki da ƙura a haɗe, ruwa kuma ya bi ta inda ya fi sauƙi ya bar sauran garin. Garin leda ma yana da tasa matsalar: ƙamshinsa na gudu da zarar an niƙa, kuma ba a iya ƙara masa laushi ko ragewa, alhali 'ya'yan gahawa na buƙatar a riƙa gyara niƙansu yayin da suke daɗewa.

Injin da ya dace shi ne mai haƙoran ƙarfe biyu da ke murƙushe 'ya'yan a tsakaninsu. Abu na biyu da za a duba shi ne ƙanƙantar matakan saiti. A Kingrinder K6, kowane mataki maikiron 16 ne, a 1Zpresso J-Ultra kuma maikiron 8. Injin da matakansa ke da faɗi zai bar mutum tsakanin gudu da toshewa, babu tsakiya. Cikin masu amfani da lantarki, Baratza Encore ESP da DF64 na daga waɗanda aka san su da iya niƙan esfireso.

Ga matashin da ke zaune a Kano, Kaduna ko Maraɗi, na hannu ya fi ma'ana. Ba ruwansa da ɗauke wuta, ba ya buƙatar janareta, kuma kuɗin da aka biya kan haƙoran ya tafi, ba kan moto ba. Gaskiya ne niƙan esfireso da hannu na cin ƙarfi, kuma gidan da ake haɗa kofi biyar a jere zai gaji da shi. Wanda ya zaɓi na lantarki sai ya karanta bayanin wuta kafin ya biya. Kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka 120V ne, wutar Najeriya kuma 230V. Jona irin wannan kai tsaye a soket na iya ƙona shi nan take.

Bayan inji, kayan da suka zama dole ba su da yawa. Na farko sikeli mai auna giram 0.1, domin awo da cokali ba ya maimaituwa. Ba sai an sayi mai Bluetooth da manhaja ba, agogon ƙidayar daƙiƙa na waya ya isa. Na biyu abin danne gari, wanda dole faɗinsa ya yi daidai da kwandon na'urar: Gaggia Classic milimita 58 ne, yawancin na Breville 54, De'Longhi Dedica kuma 51. A auna kafin a yi oda. Na uku ɗan abin motsa gari mai siraran allurai, wanda ke warware dunƙule kafin a danne. A lokacin hunturu, bushewar iska na sa gari manne wa jikin inji yana tarwatsewa. Ɗigon ruwa ɗaya a kan 'ya'yan kafin niƙa na rage wannan, kuma kyauta ne. Sauran tarkacen da ake gani a bidiyo, irin su madubi da akwatin kakkaɓe gari, na iya jira.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce kawai, tunda ƙananan na'urori na zuwa da kwando mai rami ɗaya a ƙasa wanda ke fitar da kumfa ko da garin leda. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Wanda zai zuba madara da sukari cokali uku ba zai ji bambanci sosai ba. Amma irin wannan mutum ba ya ma buƙatar na'urar mai tsada. Tukunyar Moka ta Bialetti, wadda ta fito tun 1933, za ta ba shi gahawa mai ƙarfi a kan risho ko gas, ko da yake matsinta bai kai na esfireso ba.

Wanda kuwa esfireso na gaske yake so, tsarin sayensa a bayyane yake: injin niƙa, sikeli, 'ya'yan gahawa masu ɗauke da ranar da aka gasa su, ko daga Habasha ko daga tsaunin Mambila a Taraba, sannan na'ura daidai abin da ya rage a aljihu. Har masu aiki da hannu irin Flair, da ba sa buƙatar wuta sai tafasasshen ruwa, na kaiwa bar 9. Idan aka sauya na'ura nan gaba, injin niƙa mai kyau zai ci gaba da aiki da sabuwar.