Lafiya uwar jiki: Zogale da mai gadin ƙwayoyin jiki

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Yamai, garin zogale da ƙwayoyin bitamin sun zama haja mai tafiya. Masu talla suna cewa suna wanke jiki, suna korar ciwon suga da hawan jini. Ya kamata mai saye ya san inda gaskiyar maganar ta tsaya.

Jikin ɗan Adam yana ƙona abinci da iskar oksijan domin ya samu ƙarfi. Ƙunar tana barin ɓurɓushi masu cin ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe, kuma hayaƙin taba da na mota suna ƙara yawansu. Idan suka rinjayi kariyar ƙwaya, lahani yakan taru a jijiyoyin jini, hanta da huhu.

Kowace ƙwaya tana da mai gadi, wani furotin mai suna Nrf2 da aka gano a 1994. A lokacin zaman lafiya, wani furotin, Keap1, wanda masanan Japan suka bayyana a 1999, yana riƙe shi ya miƙa shi a rushe. Da zarar guba ta taɓa Keap1, riƙon ya saki: Nrf2 ya shiga cibiyar ƙwaya, ya ba da umurnin ƙera sinadaran kariya.

A 1992, Paul Talalay da abokan aikinsa na jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun ciro sulforafan daga brokoli, dangin shu. Daga baya aka fahimci cewa Keap1 yake taɓawa, kamar ƙaramar tsokana mai tayar da mai gadi. Ganyen zogale yana da irin wannan sinadari, moringin, wanda yake samuwa idan aka tauna ko aka daka ɗanyen ganye; dogon dafuwa yana rage shi.

Sai dai kome ya yi yawa ɓaci yake kawowa. A Finlan, an gwada maza mashaya taba kimanin 29,000. Sakamakon 1994 ya nuna ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 ga waɗanda aka bai wa ƙwayar beta-karoten. A 1996 Amurka ta dakatar da irin wannan gwaji saboda dalili ɗaya. Har ila yau, wasu ƙwayoyin ciwon daji suna fakewa da Nrf2 domin su bijire wa magani. Game da zogale kuwa, mafi yawan gwaje-gwaje a kan ɓeraye aka yi su, na mutane ƙanana ne.

Saboda haka, kwaɗon zogale abinci ne mai albarka, a ci shi. Amma ma'aikacin da ya ajiye takardar likita don kwalbar ɗan talla ya sa ƙodarsa da idanunsa a caca, kuma ɗan kasuwar da ya ce masa ya ajiye ta ya ɗauki alhaki.