Zanen gado a jirgin ruwa: kullum ko bayan kwana uku?

Ranar Asabar da ta wuce ƙanena ya kira ni ta WhatsApp daga tsakiyar teku. Shekararsa biyu ke nan yana gyaran ɗakuna a ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa da ke zagaya Bahar Rum. Da jin muryarsa na san ba lafiya. Ya ce, "Yaya, wata fasinja ta kai ƙarata wai kwana biyu ban canza mata zanen gado ba." An kira shi ofis. A aikinsu, makin da fasinja ke bayarwa na iya shafar sabunta kwantiragi, kuma abin da yake turowa Kumasi shi ke biyan haya da maganin Inna.

To, shin yaron ya yi laifi? Ni dai a ganina bai yi ba.

Ga yadda abin yake a yawancin jiragen nan. Ranar da jirgi ya dawo tasha, fasinjoji suka sauka, wasu za su shiga, ana kwashe duk zannuwan gado da rigunan filo da tawul a sa wankakku. Wannan ba a wasa da shi. A cikin tafiyar kuma, kullum ana gyara gado, amma zani sai bayan 'yan kwanaki: wasu kwana uku ko huɗu, wasu sau ɗaya a tafiyar mako guda. Wanda ya nemi a canza masa kafin nan, ana canza masa. Tawul ma haka: in ka rataye, kana so ka sake amfani da shi, in ka bar shi a ƙasa, a kawo wani.

Ni malamin lissafi ne, bari mu ɗan yi lissafi. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, ɗakunan fasinja 2,805 gare shi. Ko zani bibbiyu kacal ka sa wa kowane ɗaki, zannuwa 5,610 ke nan a rana, ban da rigunan filo da tawul da kayan teburin cin abinci. Ruwan wankin kuma fa? Yawancinsa daga teku ake ɗiba, a cire gishirin da injuna masu cin mai. Bayan wanki, ruwan sabulun ma sai an san yadda za a yi da shi. Mu da aka koya mana tun muna makarantar allo cewa ko a bakin kogi ba a ɓarnar ruwan alwala, bai kamata a sha wahalar fahimtar da mu wannan ba.

Sai kuma mai aikin. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006 ta tanadi hutun aƙalla awa 10 a cikin kowane awa 24, da awa 77 a mako. Ka cire 77 daga awa 168 na mako, za ka ga mutum zai iya yin aikin awa 91 ba a karya doka ba. Ƙanena wata bakwai yake yi babu ranar hutu ko ɗaya. Duk zanen da aka cire ba dalili, bayansa ne ke biya.

Na san abin da wani zai ce: ai kuɗinta ta biya, kuma kamfani ba don Allah yake rage wanki ba, don aljihunsa ne. Gaskiya ne, kamfani na cin riba. Amma wannan bai mai da zanen kwana biyu ƙazanta ba. Wa ke canza zanen gadonsa kullum a gida? Wanda ke da zufa ko ƙaiƙayin fata ko yaro mai fitsarin kwance, ko wanda najasa ta taɓa masa shimfiɗa, haƙƙinsa ne a canza masa nan take. Baki kawai zai buɗe. Matar nan ba ta tambaya ba, sai ta wuce ofis.

Ciwon da aka fi tsoro a jiragen nan shi ne amai da gudawa na ƙwayar norovirus, wadda ke bin hannu da abinci da mariƙin ƙofa. Hukumar CDC ta Amurka na shiga jiragen da ke tsayawa a tashoshin ƙasar sau biyu a shekara ba sanarwa, ta duba ruwan sha da kicin da wuraren ninƙaya. Jirgin da bai kai maki 86 cikin 100 ba ya faɗi. Wanke hannu da sabulu ya fi sabon zani kare fasinja.

Inda ya kamata a tayar da jijiyar wuya shi ne tsakanin baƙo da baƙo, kuma a nan mu ne a baya. Bara mun je taron bita na malamai, aka sauke mu a wani masauki. Na yaye bargo na tarar da gashin wani da tabon man shafawa a filo. Da na yi magana, yaron ya ce ai jiya-jiya aka shimfiɗa. A kan dardumata na kwana.

Don haka mai masauki, kowane baƙo da wankakken zaninsa, ko dare ɗaya na baya ya yi. Kai kuma matafiyi, in kana so a canza, faɗa wa mai gyaran ɗakin kafin ka nufi ofis. Ƙanena yana jiran jin hukuncinsu ƙarshen wata. Inna ba mu gaya mata ba tukuna.