ZAUREN MALAM: Neman Wuri a Bakin Teku

A wannan wata zan ba ku labarin yini guda da mu ka yi a bakin teku, ni da iyalina, da abin da mu ka koyo.

A ɗakin mahaifiyata a Riko akwai wata tsohuwar ƙwarya wadda aka yi wa ado da wuri, wato kuɗin mutanen dā. Uku daga cikinsu sun ɓalle sun ɓace tuntuni. Da ƙanena da ke aiki a Ikko ya aiko mu je mu yi hutun Disamba a gidansa, sai 'yata, wadda ta ke aji biyar, ta durƙusa gaban kakarta ta ce, "Kaka, Baba ya ce daga teku wuri ya ke fitowa. Zan tsinto miki uku." Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "To kishiya, Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya."

Daga ƙasar Jibiya zuwa Ikko ya fi kilomita 1,000. Kwana da yini mu ka yi a mota. Dattawan da su ka yi zaman Ikko a dā za su tuna da Bar Beach, inda kowane baƙo ke zuwa kallon teku. Yanzu babu shi. Daga wajen 2008 aka soma cike shi da rairayi, ana gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Saboda haka ƙanena ya ce mu tafi Badagry, yamma da Ikko, kusa da Seme a kan iyakar Jamhuriyar Benin. Garin bakin iyaka ne kamar namu.

Mu ka yi sammako. A cikin gari aka nuna mana inda Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin bishara a gindin wani itace a 1842, da gidan bene da 'yan mishan su ka gina a 1845. Mai yi mana jagora ya ce shi ne bene na farko a Nijeriya. Na yi murmushi kawai, gama na san hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi nesa ba kusa ba. Amma baƙo ba ya gardama a garin mutane.

Tsakanin gari da teku akwai wani ruwa kwantacce. A jirgin ruwa mu ka haye shi zuwa tsibirin Gberefu. Kafin mu shiga na tabbata kowane yaro ya sa rigar hana nutsewa. Daga nan sai tafiyar ƙasa cikin rairayi da itatuwan kwakwar Attagara. Tun ba mu ga ruwan ba mu ke jin rugugi kamar hadari yana tasowa. Da mu ka ɓullo, autanmu ya riƙe hannun uwarsa gam, ya ce, "Mama, ina ɗaya gaɓar?" Lalle gani ya kori ji. Na yi shekaru ina zana Tekun Atalantika a allo da alli, amma ran nan ni kaina na zama ɗan aji ɗaya.

A nan ne na so in yi babban kuskure. Babban ɗana ya iya iyo, gama ya sha wanka a kogin Gada lokacin damina. Ya tuɓe riga, ni kuwa ban hana shi ba. Sai wani tsohon masunci ya ɗaga murya, ƙanena ya fassara mana. Ya nuna wani sashe inda ruwa ya yi duhu, ba kumfa, ya kwanta luf. A idona can ne ya fi kyaun wanka. Ashe can ne ruwan da igiya ta turo bakin gaɓa ya ke komawa teku da ƙarfi, yana jan duk abin da ya samu. Ko gwanin iyo in ya yi kokawa da shi sai ya gaji. Dabara ita ce mutum ya yi iyo a kaikaice, yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga cikinsa. Na ce wa ɗana ya mai da rigarsa. Ya ɓata fuska, amma gara fushin yini guda da kukan shekara da shekaru. Ba wanda ya wuce idon sawu a cikinmu.

Sai aka shiga tsintuwa. Sau biyu a kwana da yini teku ya kan cika ya janye, kuma wata ne ke jansa. Sa'ad da ya janye ne ya ke barin kaya a kan rairayi. Yara su ka cika leda da ɓawo iri iri, masu kama da kumba, da masu murɗe kamar katantanwa, fari da ja da ruwan ƙasa. Wata katantanwa ta yi ƙafafu a tafin hannun auta, ya yar ya ruga. Wata 'yar ƙaguwa ce ta mai da ita ɗaki. Na ce duk wadda ke da mai rai a ciki a mayar da ita ruwa.

Rana ta take tsaka, 'yata ba ta sami wuri ko ɗaya irin na kakarta ba. Ta zo idonta cike da hawaye. Laifina ne, gama rabin magana na faɗa mata. Na zaunar da su a inuwa na ba su sauran.

Wurin da kakanninmu su ka yi ciniki da shi ba a wannan teku ya ke ba. Yawancinsa daga tsibiran Maldib ya zo, kudu maso yamma da Indiya. Daga baya aka riƙa kawo wani iri daga wajen Zanzibar. Matafiyin nan Ibn Battuta ya gan shi a Maldib, ya kuma tarar ana ciniki da shi a ƙasar Mali da ya je a 1352. Jiragen Turawa su ka riƙa lodinsa zuwa bakin tekun Afirka ta Yamma, fatake su ka hau da shi arewa a kan jakuna. Da Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke sayen dala ɗaya ta azurfa. Dubu guda shi ne zambar, 20,000 kuwa keso. Kalmar nan "kuɗi" ma jam'in wuri ce.

Sai babban ɗana ya ce, "Baba, me Turawan su ke saye da shi?" Na nuna musu hanyar da mu ka biyo. Na ce, "Mutane." Ta wannan rairayi aka riƙa kora bayi zuwa jirage, ana kiransa mashigar da ba a komowa. A cikinsu har da Hausawa. An kai da yawa Bahiya a ƙasar Birazil, inda su ka shirya tawaye a 1807, waɗansu kuma su ka shiga babban tawayen 1835. Yara su ka yi tsit. 'Yata ta dubi ledarta, ta dubi teku, ba ta ce kome ba.

Yunwa ce ta tashe mu. A wata rumfa mu ka ci gasasshen kifin teku da barkono da teba, aka sare mana ɗanyar kwakwa mu ka sha ruwanta. Uwargida ta ce ita da ƙaguwa sai kallo, amma jatan lande ya shiga ranta. Da mu ka komo cikin gari mu ka gamu da wani mai tsire mutumin Maraɗi. Da ya ji daga Jibiya mu ke, sai ya ƙi karɓar kuɗin tsinke biyu, ya ce maƙwabci ba ya zama baƙo.

Ga shawarata ga mai niyyar irin wannan fita. Ku tambayi mutanen gari inda ruwa ke da hatsari, ku kuwa ji maganarsu. Ku yi cinikin jirgi da na abinci tun kafin ku shiga ko ku sa hannu. Kifin da za ku ci ya zama an gasa shi a gabanku. Ku riƙe ruwan sha, gama na teku gishiri ne. Ku juyo tun rana ba ta faɗi ba. Ba lalle sai teku ba. Wanda aljihunsa bai kai ba, in hanya ta yi lafiya, ya kai yara madatsar ruwan Jibiya, ya zauna da su, ya amsa tambayoyinsu.

Da mu ka komo Riko, 'yata ta juye ledarta gaban kakarta, ta ba ta labarin Maldib da na bayi. Tsohuwa ta daɗe tana juya ƙwaryar a hannu. Sa'an nan ta zaɓi ɓawo uku ƙanana, ta ce a huda mata su, ta ɗinke su a gurbin waɗanda su ka ɓace.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.